Yadda zaka dasa inabi a Maradi, da irin wuyar da manoman Kalifoniya suka sha kafin su iya shi

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman lambu, na Jiratawa da na bakin Gulbi da na Madarunfa, har da masu ɗan fili a tsakar gida cikin birnin Maradi. Maganar inabi nake so mu yi, don har yanzu mutane da yawa na ganin wai itacen ƙasar sanyi ne, mu namu sai dai mu saya a ɗan kwali da tsada mu kai ma marar lafiya asibiti. Ba haka bane wallahi. A Timiya cikin duwatsun Ayar ana noman shi, a Kudan ta jihar Kaduna ma ana yi, kuma can Amurka akwai wani kwari da ake ce ma Kocela cikin hamadar Kalifoniya inda zafi ke kai digiri 45 a watan Yuli, amma daga nan inabin farko na jihar ke fita kasuwa tun watan Mayu. Kenan zafi ba shi ne matsalar ba. Matsalar iri ce, da saiwa, da sanin ranar da za a yi ma itacen aski.

Tun farko in faɗa, babban rabon tarihin inabin Kalifoniya tarihin giya ne, mu kuwa ba ruwanmu da ita, haramun ce kuma ba ita ta tara mu nan ba. Inabin ci muke so da zabibi, 'ya'yan itace ne da Allah Ya ambata cikin Alƙur'ani a wurare da dama. Amma itacen ɗaya ne, ƙwarinshi ɗaya, ciwonshi ɗaya, kuma mutanen nan sun fi shekara 200 suna asara suna gyarawa suna rubutawa, to mi zai sa mu biya kuɗin makarantar da wasu sun riga sun biya.

Mu fara da iri. Limaman kirista 'yan Sifen ne suka shigar da inabi Kalifoniya ta hanyar Meziko, bayan sun kafa mishan ɗinsu na farko a San Diyego a 1769, kuma iri guda suka yi ta dasawa ko'ina, wanda har sunan Mission ya bi shi. Yana jure fari yana ba da 'ya'ya da yawa amma ba wani inganci. Sai bayan an gano zinariya a 1848 jama'a suka cika ƙasar, wani mutumin Hungari mai suna Agoston Haraszthy ya kafa gonar Buena Vista a Sonoma a 1857, a 1861 ya tafi Turai ya dawo da yankan reshe kusan 100,000 na ire-ire ɗaruruwa. Shekarar nan dai Charles Krug ya buɗe tashi masana'antar giya a Napa. Iri ya samu, amma kowa na dasa abin da ya ga dama inda ya ga dama, na sanyi a wurin zafi na zafi a wurin sanyi, haka aka yi ta lalube shekaru har zuwa 1944 lokacin da malamai biyu na jami'ar Kalifoniya a Debis, Amerine da Winkler, suka raba jihar gida biyar bisa yawan zafin da kowane yanki ke tarawa, suka ce ga irin da ya dace da nan ga wanda ya dace da can. Sunan da Napa ta yi a duniya bayan gasar ɗanɗanon giya ta Paris a 1976 daga irin wannan aikin ya taso.

Mu a ma'aunin nan muna can ƙarshe wajen zafi, tare da Furesno da Kocela ko ma mun wuce su. Don haka kar wani ya ruɗe ka da sunan irin Napa ko na Faransa, waɗannan ƙananan 'ya'ya ne masu ƙwallo da kaurin fata, ba na ci bane ma. Ka nemi irin ci na ƙasar zafi. Thompson Seedless, fari marar ƙwallo, shi ne uban tafiya, wani manomi William Thompson ya fara yaɗa shi daga gundumar Sota a 1872 kuma shi ake busarwa a yi zabibi. Akwai Flame Seedless ja mai saurin nuna da aka fitar a Furesno a 1973, akwai Perlette na Harold Olmo na 1946 da ya yi suna a hamada, akwai Red Globe mai manyan 'ya'ya da ƙwallo shi ma na Olmo, akwai Crimson Seedless na 1989. Ni dai in ka tambaye ni, wanda ya fi duka shi ne itacen da ka gani da idonka yana 'ya'ya a ƙasa irin tamu, a gidan maƙwabci ko lambun wani a Katsina ko Zariya ko Agadas. Ka roƙi reshe daga wannan. Mai pepiniyar da ba zai iya nuna maka uwar itacen ba, ka riƙe kuɗinka. Kuma kar ka shuka ƙwallon inabin da ka ci, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba.

Yanzu saiwa, kuma nan nake so a natsu. Akwai wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, asalinshi gabashin Amurka, yana tsotsar saiwar inabi har itacen ya mutu a tsaye. Ya shiga Faransa a shekarun 1860 ya kusa ƙarar da gonakinsu, ya ɓulla Sonoma a shekarun 1870 ya bi Napa ya cinye. Feshi bai yi ba, ambaliyar gona da ruwa bata wadatar ba, maganin da ya tsaya shi ne aure, irin yadda muke yi ma mangwaro, a ɗauko inabin daji na Amurka wanda saiwarshi ta saba da ƙwaron a ɗaura mishi reshen irin da ake so a sama. Wani masani T. V. Munson na garin Denison a Teksas ya taimaka ma Faransawa da saiwoyin dajin ƙasarsu har gwamnatin Faransa ta karrama shi. To amma ji abin da ya biyo baya, bayan yaƙin duniya na biyu manoman Napa da Sonoma suka raja'a kan saiwa guda mai suna AXR1 saboda tana ba da amfani sosai, alhali Turawa sun daɗe da cewa bata da ƙarfin jure ƙwaron. A shekarun 1980 ƙwaron ya dawo ya same ta, dole aka tumɓuke gonaki masu ɗimbin yawa aka sake dashe a shekarun 1990, kuɗin da aka kashe ba a magana.

Mu filoksera ba shi ne abin tsoronmu ba, baya son ƙasar rairayi. Namu abokan gabar su ne tsutsar saiwa, wadda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu, sai gishiri a ruwan wasu rijiyoyi, sai gara. Kar ka dasa inabi a fangalin da tumatir ya yi wannan ciwon. In zaka yi gona babba ka nemi dashe mai aure kan saiwar Dogridge, ita ma daga inabin dajin Teksas na Munson ta fito, tana jure fari da gishiri da tsutsar, kuma ita manoman Indiya na Nashik da Sangli suka runguma. Ka je tashar binciken noma ta INRAN a Tarna ko sashen noma na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ka yi tambaya kafin ka zuba kuɗi, ka kai musu ƙasar gonarka da ruwan rijiyarka a duba. Kuma ko ka samu iri mai kyau kar ka cika gonar da shi shi kaɗai, ka haɗa biyu ko uku. Na tsakar gida kuwa, guda biyu ko uku, yankan reshe ba aure ya ishe ka.

Yankan reshe ba wuya. Reshen da ya ƙosa ya zama ruwan ƙasa, kaurin fensir, ka yanka tsawon santimita 25 zuwa 30 da ido uku ko huɗu, wato gaɓar da tsiro ke fitowa. Ka yanke ƙasan a miƙe dab da ido, saman a karkace, don kar ka manta ina ne kai, in ka soka shi kai ƙasa ba zai yi ba. Leda ta pepiniyar, rairayi da ruɓaɓɓen taki, ido biyu cikin ƙasa, a inuwa, ruwa kaɗan kaɗan kar ta bushe kar kuma ta yi caɓi. Zai fara ganye kafin ya yi saiwa, kar ganyen ya ruɗe ka ka ciro shi, ka bashi wata biyu zuwa uku.

Rami kamar santimita 60 zurfi 60 faɗi, mita 3 tsakanin layi, mita 2 tsakanin itace. Wurin da rana ke bugawa yini guda, kuma inda ruwa baya kwanciya da damana, don haka can cikin fadama inda Gulbi ke malala a watan Agusta ba wurinshi bane, ka hau ɗan tudu. Taki sai wanda ya ruɓe sarai, ɗanyen kashin shanu da kara gara kake kira ma kanka. Ka zuba toka ka riƙa duba gindin.

Shekarar farko ba 'ya'ya kake nema ba, jiki kake gina ma itacen. Ka kafa sanda, ka zaɓi tsiro guda mafi ƙarfi ka riƙa ɗaure shi yana hawa, duk na gefe ka tsinke da farce tun suna ƙanana. Rumfa zaka yi mai tsayin kamar mita 2, ginshiƙan ƙarfe ko siminti saboda gara, da waya a sama. A ƙasarmu rumfa ta fi layin waya a tsaye, saboda ganye na yin laima 'ya'yan na rataye a inuwa rana bata ƙona su. In tsiron ya kai waya ka tsinke kanshi, zai fitar da hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ka kwantar da su kan wayar, daga jikinsu rassan 'ya'ya za su riƙa fita duk shekara. In ya fitar da fure a wannan lokacin ka cire, na san da ciwo amma ka cire.

To ga inda mafi yawan masu inabi a gida ke faɗuwa, zaka ga itace ya rufe rumfa kore shar shekara biyar ba ko ɗa guda, mai gida ya ce ai namiji ne. Ba namiji bane, aski ne ba a yi mishi ba. Inabi na yin 'ya'ya ne kan sabon tsiron da ya fito daga reshen da ya riga ya ƙosa, kuma a Kalifoniya sanyi ne ke sa itacen ya zubar da ganye ya yi barci, su aske shi cikin hunturu ya farka da fure. Mu sanyinmu bai kai ya kwantar da shi ba, don haka mu ne zamu kwantar da shi da hannunmu, kuma mu zamu zaɓa mishi lokacin da zai haihu. Nan hanyar Indiyawa ta fi dacewa da mu don yanayinsu ya fi kama da namu, aski biyu suke yi a shekara. Na farko wajen watan Afrilu bayan an gama girbi, a yanke duk rassa a bar ido ɗaya ko biyu a gindin kowane, sabbin rassa su fito su girma su ƙosa cikin damana, ba a neman 'ya'ya a wannan zagayen. Na biyu wajen Oktoba in ruwan sama ya ɗauke, shi ne askin 'ya'ya. Daga nan wata huɗu zuwa huɗu da rabi inabi ya nuna, wato Fabrairu zuwa Maris, duk cikin rani, ba ruwan sama ba raɓa mai yawa, ga sanyin dare na hunturu da ke taimaka ma ja ya yi launi. In ka bari ya yi 'ya'ya cikin damana, fasawa za su yi su ruɓe.

Kafin askin Oktoba ka rage ruwa kamar sati biyu zuwa uku har ganye ya fara laushi, sannan ka tsige ganyen duka da hannu, ka yi aski da almakashi mai kaifi mai tsabta, ka zuba taki ka saki ruwa sosai. Tsawon reshen da zaka bari ya danganta da iri, kuma Thompson na da hali nashi, idanun da ke kusa da gindin reshe ba su cika ɗaukar fure ba, sai na can gaba. In ka aske shi gajere ka zubar da amfanin gonarka da hannunka. Shi ya sa a Furesno ake bar mishi dogon reshe mai ido 12 zuwa 15, a ƙasashen zafi kuma ana ragewa kaɗan. Flame da Red Globe sun yarda da gajeren aski. In baka san irin da ke gidanka ba ka gwada, rabi ka bar ido uku, rabi ka bar takwas zuwa goma, ka ga wanne ya yi fure, baɗi ka san abin yi. Wata matsalar ƙasar zafi ita ce idon ƙarshen reshe kaɗai ke tsirowa sauran su yi shiru, don haka ka lanƙwasa reshen a hankali ka ɗan murɗa shi kafin ka ɗaure. Manyan gonaki a Kocela da Indiya na shafa wani magani Dormex don idanu su buɗe tare, amma guba ne mai ƙona fata, Tarayyar Turai ma ta hana shi, dan Allah kar ka taɓa shi ba tare da malamin gona da safar hannu ba, a gida mai yara kuwa kar ma ya shigo.

Ruwa, gut-a-gut (ban ruwa na ɗigo-ɗigo ta tiyo) ya fi, in babu ka yi kwari kewaye da gindi ka ba shi ya ƙoshi sannan ka bari saman ƙasa ya sha iska. Kar ka riƙa watsa ma ganye. Daga tsiro zuwa girman 'ya'ya yana son ruwa ba yankewa, in sun fara laushi da canza launi ka rage don zaƙi ya taru. Angire, wato takin zamani, mai yawan ure ganye zai baka.

Ciwo biyu ne manya. Na damana, ganye ya yi tabo kamar an ɗiga mai a sama, ƙasanshi fari, wannan maganin tagulla da farar ƙasa ake fesa mishi, buyi bordelez, wanda Faransawa suka haɗa a 1885, kuma kafin ciwon ya kama ake yi. Na rani kuma farin gari ne ke rufe ganye da 'ya'ya, maganinshi farar wuta, amma da sassafe ko da yamma, in ka fesa da zafin rana ganyen zai ƙone. Ka rage cunkoson ganye iska ta riƙa ratsawa. Kuma ka rage 'ya'ya, kowane tsiro gungu ɗaya, gungun ma ka datse wutsiyarshi, kwaɗayin barin duka shi ke kawo ƙananan 'ya'ya masu tsami. Thompson dama ƙananan 'ya'ya gare shi in an barshi yadda Allah Ya yi shi, manyan da kake gani a shago an fesa musu sinadarin girma ne tun suna ƙanana, don haka kar ka ce naka ya lalace. Tsuntsaye da jemage da zanzaro kuwa sun fi ka sanin ranar da ya nuna, ka sa raga ko tsohon gidan sauro, ko ka ɗaura ma kowane gungu jakar takarda.

Inabi baya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Ka ɗanɗana na can ƙasan gungu, in ya yi zaƙi sauran sun yi. Ka yanka da sassafe, a inuwa, kar a jibga.

Abin da bai sayu ba shi ne zabibi, kuma nan rana tamu ta zama jari. A Furesno ƙarshen Agusta zuwa Satumba suke tsinka su shimfiɗa kan takarda tsakanin layuka sati biyu zuwa uku, babban tsoronsu ruwan sama ya sauko a kai. Mu a Maris wa ke tsoron ruwa, ƙura ce da ƙuda da awaki. Ka ɗaga shi kan gado ko tebur, ka rufe da gidan sauro, ka juya bayan sati, in ka matse bai fitar da ruwa ba ya yi. Kilo 4 zuwa 4 da rabi na ɗanye ke ba da kilo guda. Hajiya mai sana'ar zoɓo da lemu, in kin matse ruwan inabi ki dafa shi nan take ki sa a firji, don a zafin nan da kanshi yake juyawa ya fara zama abin da muke gudu. Wani likitan haƙori Thomas Welch, mai ƙyamar giya, shi ya fara wannan dabarar a Nu Jazi a 1869, ta zama babban kamfani.

Kasuwa ka yi tunaninta tun kafin ka haƙa rami. Lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, masana'antu da yawa sun rufe amma ɗanyen inabi ya yi tsada saboda ana loda shi a jirgin ƙasa zuwa biranen gabas, sai kowa ya ruga ya dasa, har suka tumɓuke iri masu kyau suka sa Alicante Bouschet mai kaurin fata don yana jure tafiya, kafin shekarun su ƙare kaya ya yi yawa farashi ya faɗi warwas aka bar mutane da bashi. Mun san irin wannan a albasa da tumatir. Masu zabibin Furesno su ma dillalai sun sha karya musu farashi har sai da suka haɗa ƙungiya a 1912, wadda ta zama Sun-Maid, suna tarawa tare suna sayarwa da suna guda. Napa kuma a 1968 suka yi dokar da ta hana a yanka gonakin kwarin a yi gidaje, abin da ke taɓa min zuciya in na ga yadda lotisma ke cin gonakin gefen Maradi. Don haka ka fara da gindi goma zuwa ashirin, ku haɗu ku biyar ko shida na unguwa ɗaya ku yi odar dashe tare, ku raba ranakun aski, wani farkon Oktoba wani tsakiya wani farkon Nuwamba, don kar duka ya nuna sati guda ku taru a babbar kasuwa kuna karya ma juna. Azumi yana matsowa baya da kamar kwana 11 duk shekara, mai son inabinshi ya riski buɗa baki sai ya ƙirga wata huɗu da rabi baya daga farkon azumin ya ga ko ranar askin ta faɗo bayan ɗaukewar ruwa, in ta faɗo cikin damana ya haƙura ya busar da na bana ya ajiye zabibi.